Yatsu Uku na Bangon Gabas

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga autana Haruna, a Sawakin, tashar jirgin ruwa, ko duk inda takardar nan ta riske ka. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a kan ruwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a Jidda. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa karyawa da safe ko ba ka jin yunwa. Mu nan lafiya lau muke, sai dai gajiya, ita kuwa ba a zuwa asibiti dominta.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Na gwada. Da na ji muryarka sai in ce maka komai lafiya, in sa maka albarka, in kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta, kuma da gangan na rubuta da Hausa, da baƙaƙen da ka koya a allo. Za ka sha wuyar karantawa, na sani, amma kana zaman jiran jirgi, ba abin da kake da shi kamar lokaci. Idi direba zai ba ka takardar tare da wani ɗan ƙulli a farin ƙyalle. Kada ka kwance ƙullin sai ka kai ƙarshe.

Ranar da za ka tashi, kana tsaye a bakin zaure da jaka a kafaɗa, ka ɗaga kai ka dubi bangon gabas, ka ce mini, "Baba, wanga zaure halas ya gaji. In na kama shugul sai mu rushe shi, in yi maka diwan na bulo ka huta." Wato zauren ya gama yayinsa, in ka samu aiki za ka gina mini ɗakin baƙi na bulo. Baffanka Sani yana gefe yana gyaɗa kai, don maganar tasa ce tun ba yau ba. Ni kuwa na ce maka Allah Ya kai ka lafiya, ban ƙara komai ba. Na san don tausayina ka faɗa, kuma ban ji haushinka ba. Amma shiruna ba amincewa ba ne, kuma ina tsoron wata rana ka aiko wa baffanka saƙo ya zo da ma'aikata, in wayi gari in ga fili. Amsar da ban ba ka a bakin ƙofa ba ita ce wannan takarda.

Zauren nan kakana Malam Buba ya gina shi. Yana matashi ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa, shi da iyayensa cikin jama'a mai yawa, lokacin da Nasara suka ci ƙasar, niyyarsu Makka. Iyayen suka rasu a hanya. Shi ya iso bakin kogin nan ba shi da ko guzurin kwana, ya ce zai yi damina ɗaya ya tara abin shiga jirgi. Daga baya ya yi dakon dutse a Makwar sa'ad da ake gina madatsar ruwa, ya tsinki auduga a gonakin mutane, ya yi aure, ya haifi babana Malam Alu. Damina ɗayar nan ita ce muke ciki har yau.

Ka taɓa tambayata me ya sa mutanen da ke hayin tura'a, magudanar ruwan gonaki, suka yi jan bulo tun da daɗewa, mu muna nan cikin laka. Na ce maka talauci ne, don in sallame ka. Talaucin akwai shi, amma ba shi kaɗai ba ne. Babana ya samu shekarun da zai iya yin bulo, ya ƙi. In an matsa masa sai ya ce, "Mu bisa hanya muke, Makka za mu. In munka aza bulo, mun zamna ke nan." Shi ya sa ƙofar zauren take duban gabas, shi ya sa ba ta da kuba, shi ya sa randar nan ta bakin ƙofa ba a barinta ta bushe. Ina yaro, matafiya daga yamma suna sauka a ciki, ƙafafunsu a faffashe, wasu su yi kwana biyu, wasu su yi shekara. Ba a tambayar mutum yaushe zai tashi.

Akwai kuma hannuwa. Kai ba ka gan su da wayo ba. Ranar da Malam Buba ya gama ginin, ya danna tafin hannunsa na dama a ɗanyar laka, gefen ƙofa. Daga nan ya zama duk ɗan gidan da ya fara hawa tsani ranar yaɓe, sai a lafta masa laka kusa da na ubansa ya danna nasa. Kowace shekara kafin damina ana kiran gayya, a kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar ta ta ruɓa, a shafe bango duka, amma in an zo kan hannuwan sai a kewaye su a hankali. Na Malam Buba ne a sama, sai na babana, sai nawa, sai na baffanka. Ba ibada ba ce, ba kuma tsafi ba. Alama ce kawai ta cewa wane ya taɓa ɗaukar nauyin bangon nan.

Yanzu bari in gaya maka inda ni na ɓata, don kada ka ɗauka mai yi maka wa'azin wani abin kirki ne.

Ina sa'arka na samu zaman shago a Wad Madani. Gari ya yi mini daɗi. Na ɗinka farar jallabiya, na koyi shan shayi a bakin titi ina ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Babana ya aiko cewa an kwaɓa ƙasa, gayya ranar Juma'a, in zo. Na ce wa ɗan saƙon ya ce ina nan tafe. Ba ni da wani uzuri, Haruna. Ba na son warin lakar ne a hannuna, kuma akwai wani biki da abokaina za su a ranar. Na ce a raina sati mai zuwa ma rana ce. Hadari ya fara haɗuwa, babana ya duba hanya bai gan ni ba, baffanka kuwa lokacin yaro ne, sai ya hau tsanin da kansa don ya rufe saman bangon gabas. Tsanin ya zame, ya faɗo a kan ƙugu.

Da na zo na same shi kwance a kan gadon angarib a cikin zauren. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ka taho? Ga tsani can, gama min gehen da ya rage." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. A shekarar ne ya ƙudurta tafiya Makka bayan an cire amfanin gona, har ya yi sallama da wasu. Ƙugun ya ɗoru a karkace, daga zaure zuwa masallaci ma sai da sanda. Tafiyar ba ta sake tasowa ba.

Saboda haka ka ji ni. In an kira ka daga gida, ko ka zo, ko ka faɗi gaskiya cewa ba za ka samu zuwa ba, don a nemi wani. Kada ka ce kana nan tafe alhali ko takalmi ba ka ɗauko ba. Mai jiranka yana tsara ransa ne a kan maganarka. Wannan ba a gida kaɗai ba, har wurin aikinka. "Ba zan iya ba" tana da ɗaci a baki, amma ba ta karya ƙugun kowa.

Bayan faɗuwar nan babana ya daɗe a kwance, kuma mai kwanciya yana son hira. Da la'asar sai ya kama lissafa mini zangunan da Malam Buba ya bi, gari bayan gari, tun daga ƙauyen da suka taso har bakin kogin nan: inda aka binne uwarsa, inda suka yi noman ƙodago, inda wani basarake ya ba su raƙumi. Yana jero su a tsare kamar karatu, don haka shi ma aka ba shi. Ni kuma na sayo rediyo, ina manne da ita a kunne ina jin wasan ƙwallo. Ina cewa "to, to" a inda ya dace. Na ɗauka kullum yana nan, duk ranar da na so sai in ce ya maimaita. Yau in ka tambaye ni sunan ƙauyen da muka fito, ban sani ba. Na san dai akwai fadama a kusa da shi da wata babbar tsamiya, kuma ƙasar Sakkwato cike take da fadamu da tsamiyoyi. Na tambayi tsofaffin garin nan, kowa na gidansu ya riƙe.

Wannan abin yana cina fiye da yadda nake nunawa. In ka je can za ka haɗu da Hausawa, na Sakkwato da na wasu wurare, har da tsofaffin da suka daɗe a zaune. Ka zauna kusa da su. In tsoho ya fara ba ka labarin da ka riga ka ji, ka kifa wayar nan taka a ƙasa ka saurara, don wata rana shi ne na ƙarshe kuma ba a sanarwa. Ka riƙa kiran innarka kana tambayarta. Ita ta yi jinyar babana tare da kakarka, kunnenta kuma a buɗe yake lokacin da nawa yake manne da rediyo, can Umdurman wajen 'yan ƙwallo. Abin da ta riƙe ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Hausar da kake fama da ita a takardar nan ma ni na rage maka ita. Yayyenka suna ƙanana na je wani ofis neman takardar shaidar ɗan ƙasa. Ina magana da wani ɗan garinmu a layi, ma'aikacin ya ji yaren da ke bakinmu, ya ture takardata gefe ya ce in kawo shaidar inda aka haifi kakana. Ni da aka haife ni a nan, aka haifi ubana a nan, kakana kuma dutsen da ya ɗauka yana cikin madatsar da ke shayar da gonakin kowa. Na dawo gida raina a ɓace na ce wa innarka daga yau Larabci za a riƙa yi wa yara, kada su ga abin da na gani. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai ka yi musu. Ni da harshen da anka yaye ni da shi nika yaye nawa." Na yi ta fushi, ta yi ta tankaɗenta. Ɗan abin da kake ji yau nata ne, ni ban ba ka komai ba.

Larabci ba laifi ba ne, harshen Alƙur'ani ne, kuma harshen ƙasarmu ne, da shi za ka ci abinci. Laifina shi ne na bar wulaƙancin mutum ɗaya ya shigo har tsakar gidana ya zauna. A can ma za a samu mai yi maka kallon banza, ko don launinka, ko don ƙasarka. Ka yi haƙuri da shi a inda ya same ka, ka bar shi a wurin. Kada ka kwaso shi ka kawo wa 'ya'yanka.

Sai maganar siminti, wadda ita ce ta kawo mu inda muke. Bayan rasuwar babana yaɓen ya dawo kaina ni kaɗai. Kowace shekara kwaɓa, kowace shekara roƙon mutane su zo gayya, kowace shekara a dafa musu. Na gaji, gaskiya na gaji. Baffanka ya zo daga Madani, lokacin kasuwa tana yi da shi, ya zagaya bangon hannu a baya ya ce, "Yaya, siminti marra wahda, sau ɗaya tak, halas. Ba laka ba wari har abada. Mi kaka wahal da kanka?" Maganar ta shige ni. Na ce ai ba rushewa za a yi ba, riga ce za a sa masa. Ranar da masu aikin suka zo, innarka ta leƙo ta ce, "Hannuwan fa?" Na ce suna nan a ƙarƙashi, yanzu ma suka samu tsaro. Aka shafe su duka huɗun. Bango ya yi sumul, mutane suna wucewa suna yi mini barka, ni ma ina jin kaina.

Abin da ban sani ba, laka tana shan ruwa ta kuma fitar da shi in rana ta fito. Da aka rufe ta da siminti, damshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa mafita, ya zauna a ciki yana cin bangon. Daga waje ba ka ganin komai. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, muna murna. Wata rana bayan la'asar, an ɗauke ruwa, muna zaune a tsakar gida sai muka ji rugugi. Kana ƙarami, ka ruga ka ɓuya a bayan innarka. Simintin bangon gabas ne ya saki gaba ɗaya, ya faɗo da naman bangon a jikinsa. Allah Ya taimaka ba kowa a wurin.

Na durƙusa cikin ɓaraguzan ina tonawa da hannu har magariba. Na Malam Buba ya zama gari. Nawa da na baffanka ban ma neme su ba. Abu ɗaya na samu, wani ɓallin siminti da bai kai tafin hannu ba. Lokacin da aka shafa shi ya shiga cikin gurbin yatsun babana ya ɗauki siffarsu, yatsu uku. Na gane su don na tsakiyan a lanƙwashe yake, inda lauje ya taɓa yankarsa. Na sa shi a aljihu ban nuna wa kowa ba, sai innarka da ta gan shi wajen wanki. Muka sake ɗaga bangon da laka, amma ban mayar da hannuna ba. Kunya ta hana ni.

Ka lura da wannan, kai da za ka yi aikin gini. Duk wanda ya ce maka ga gyaran da za a yi sau ɗaya a huta har abada, ka tambaye shi wa ya taɓa yi, kuma yaya abin yake bayan shekaru. Abin da ka tarar mutane suna wahala a kansa kowace shekara, kada ka yi saurin cewa rashin wayo ne. Ka fara tambayar dalili. In ba ka samu mai ba ka amsa ba, ka jinkirta. Ni gajiya ce ta yanke mini shawara, na kuma kira ta ci gaba.

Kuskurena na ƙarshe kai na yi wa shi. Da ka tasa, kana son shiga cikin masu kwaɓa, kana naɗe wando. Ni nake korarka. Ina cewa kai ɗan makaranta ne, je ka ɗauki littafinka, laka ba taka ba ce. Na tura ka karatu Sinnar, na yi alfahari da kai, kuma har gobe ina yi. Amma ban taɓa barinka ka hau tsanin nan ba, ban taɓa lafta maka laka na ce danna ba. To da wane baki zan ce ka ƙi ganin darajar zauren? Abin da na nuna maka shi ka gani, tsohon ɗaki mai ba ubanka wahala. In ka haifi naka, ka ba su karatu, ka kuma bar su su ɓata hannunsu a aikin gidansu. Ɗayan ba ya hana ɗayan, ni ne na raba su.

Abu ɗaya dai ka gani da idonka. Shekarun nan na tashin hankali, da mutane suka watso daga birni da abin da ke jikinsu, ina suka sauka? Baffanka da iyalinsa a zauren nan suka zube, da wasu da ba mu taɓa gani ba, har da matar nan mai jariri da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Kai ne kake cika randa safe da yamma, har kafaɗarka ta yi kanta. Ba wanda ya tambayi kowa yaushe zai tashi. Ina kallon ɗakin nan yana aikin da aka gina shi dominsa, na ce ashe bai tsufa ba. Baffanka da kansa, yana kwance da rana tsaka, ya ce mini, "Wallahi yaya, wanga ɗaki ya hi gidana sanyi." Da ƙura ta lafa ya koma, bai yi wata biyu ba ya dawo da maganar bulo. Ƙanena ne, ina sonsa, amma mantuwarsa ta fi ta kaza.

Bana mun yi yaɓe bayan tafiyarka. Na kira gayya, waɗanda suka zo duk sa'o'ina ne, kowa da inda ke masa ciwo. Samarin garin wasu suna wajen haƙar zinariya, wasu sun ƙetare kamar yadda kake shirin yi. Muka shafe ƙasa-ƙasa iyakar inda hannu yake kaiwa. Na jingina tsani a bangon gabas, na kai tsakiyarsa na tsaya, na kasa ƙara taki. Innarka tana riƙe da shi, ta ce, "Sauko. Na yi jinyar ƙugu guda cikin wanga gida, ba ni ƙara ta biyu." Na sauko. Saman bangon yana nan tsirara. Wataƙila ya fita daminar nan, wataƙila ba zai fita ba. Ban gaya maka don ka fasa tafiya ba, kada ka kuskura. Na gaya maka ne don na daina cewa komai lafiya.

Ga abin da na daɗe ina juyawa a raina. Malam Buba ya nufi Makka bai kai ba. Babana ya nufa bai kai ba, ka ji dalili. Ni ban ma taɓa nufa da gaske ba, kullum sai baɗi, sai an aurar da wance, sai an cire auduga. Kai kuma ga ka a Sawakin, a bakin ruwan da suka yi ta ambato ba su gani ba. Aiki ya kai ka, ba aikin hajji ba, amma daga Jidda zuwa Makka an ce ba nisa. In Allah Ya yarda kai ne na farko a gidan nan da zai isa. Ranar da ka isa, maganar babana ta cika, ba mu bisa hanya kuma. Hujjar da nake da ita ta ƙin bulo ta ƙare a ranar, na sani, kuma ba zan yi maka gardamar ƙarya ba. Murna nake yi da tafiyarka, ina kuma jin tsoronta, duka biyun a lokaci ɗaya.

Yanzu kwance ƙullin.

Yatsun kakanka ne. Siminti ne kawai, ba ya amfanar da kowa, ba ya cutar da kowa, kada ka nemi wata albarka a jikinsa, kada kuma ka nuna wa mutane su ɗauke ka mai bidi'a. Ka sa shi a ƙasan jakarka. Ranar da ka samu sarari ka je umra, in idonka ya sauka a kan Ɗakin Allah, ka yi wa Malam Buba addu'a da sunansa, ka yi wa Malam Alu da sunansa, ka roƙa mini gafarar abin da na yi masa. Ni na tsayar da shi a hanya. Ina so ko wannan ɗan abin nasa ya ƙarasa, don zuciyata ta samu wurin kwanciya.

Bayan nan ka dawo mini da shi da hannunka. Kada ka ba Idi, kada ka ba baffanka, kada ka aiko shi da kowa. Ka nemi hutunka ya faɗo kafin damina. Za mu kwaɓa ƙasa, ka hau tsanin ka rufe saman bangon gabas, ni ina ƙasa ina miƙo maka. Mu dasa yatsun nan a gefen ƙofa inda suke a da, in danna hannuna, ka danna naka. Yaɓe ɗaya nake roƙonka, ba biyu ba. In ka sauko ka wanke hannu, ka ga har yanzu bulo kake so, zauren naka ne, ka rushe, ba zan ce uffan ba, kuma albarkata tana tare da kai. Abin da ba na so shi ne a rushe shi da saƙon waya, daga bakin wanda bai taɓa sanin nauyin lakarsa ba. In kuma ka dawo ka tarar ba na nan, innarka ta san gurbin, za ta nuna maka.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko mai ba ka ita yana murmushi. Kada ka tsaya jikin motar wani a ɗauke ka hoto ka aiko mana, mun san ba taka ba ce, kuma ba mota muka aike ka nema ba. In ka ji ciwo ka faɗa. In aiki ya ƙi, ka dawo, ba wanda zai yi maka dariya a gidan da aka yi shekara da shekaru ana shirin tafiya ba a tafi ba.

Hannuna ya gaji, idona ma haka. Innarka ta ce in ƙara gaya maka maganar karin kumallo, na ce na riga na rubuta, ta ce in sake. Yayyenka mata suna gaishe ka. Liman da mutanen masallaci sun yi maka addu'a ranar Juma'a.

Allah Ya sa ka hau jirgi lafiya ka sauka lafiya. Allah Ya kare ka daga sharrin ruwa da sharrin mutum, Ya ba ka halal mai albarka, Ya nuna maka Ɗakinsa, Ya juyo mana da kai muna raye. Na cika randa da safen nan, tsanin kuma na bar shi a jingine a inda yake, ban mayar da shi rumbu ba.

Ni ne mahaifinka,
Usmanu ɗan Malam Alu